Sun hana Baba shiga gidan namun daji da sikutansa: doka ta ba su wannan damar?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Muna zaune a Amurka tare da mahaifina. Yana fama da ciwon zuciya da na huhu. Yana iya tsayawa, yana 'yar tafiya a cikin gida, amma da ya ɗan yi nisa sai numfashi ya gagare shi. Shi ya sa muka saya masa ƙaramin sikuta mai batir, mai taya biyu, irin wanda matasa ke hawa a titi, aka ɗaura masa kujera. Mun kai jikokinsa gidan namun daji na birninmu, maigadi ya tare mu ya ce ba a shiga da sikuta, sai dai mu karɓi aron keken guragu mu riƙa tura shi. Har ya tambayi Baba wai wane ciwo ke damunsa, tunda ya gan shi ya sauko daga mota da ƙafarsa. Baba ya ji nauyi, ya ce mu koma gida. Shin suna da hurumin yin haka?

Amsa:

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce, ku kuma ya saka muku da alheri.

Abubuwa uku suka faru a bakin ƙofar nan, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Tambayar da maigadin ya yi wa Baba a kan ciwonsa, doka ta hana ta ƙarara. Kafa hujja da cewa ya gan shi ya taka da ƙafarsa, ita ma ba ta da tushe. Hana shiga da sikutan kansa kuwa, nan maganar take da tsawo, domin Baba ba shi da haƙƙin da ba ya da iyaka, su ma ba su da ikon korarsa gaba gaɗi. Abin da nake so ki riƙe tun daga nan shi ne, nauyin kawo hujja a wuyansu yake. Ba Baba ne zai gamsar da su cewa ba shi da mafita sai wannan sikuta ba. Su ne za su nuna cewa irin wannan na'ura ba ta tuƙuwa lafiya a wurin nasu.

Dokar da ta shafe ku ita ce Dokar Amurkawa Masu Nakasa, wadda aka fi sani da ADA. Shugaba George H. W. Bush ya sanya mata hannu ranar 26 ga Yuli, 1990. Babinta na biyu ya hau kan gwamnatocin jihohi da na birane da duk abin da suke gudanarwa, kamar kotuna da ɗakunan karatu da lambunan shaƙatawa. Babi na uku ya hau kan 'yan kasuwa da ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke buɗe ƙofarsu ga jama'a, kuma a cikin jerin wuraren da ya lissafa har da gidan namun daji, an ambace shi da sunansa. Saboda haka ko birni ne ke da wurin, ko wata ƙungiya ce ke tafiyar da shi, bai fita daga hannun dokar ba. Bambancin zai taso ne wajen kai ƙara kawai.

Iyalai da yawa kan ja da baya tun a nan, suna ganin ai nasu majinyacin ba gurgu ba ne, ta yaya zai nemi haƙƙin masu nakasa? Ki cire wannan daga ranki. A 2008 Majalisar Dokokin Amurka ta yi wa dokar gyara bayan kotuna sun ƙuntata ma'anar nakasa, ta fayyace cewa lalurar da ta tauye wa mutum tafiya, ko tsayuwa, ko numfashi, ko aikin huhu da gudanar jini, tauyewa mai yawa, duk tana ciki. Ba sai ƙafa ta shanye ba.

Lokacin da aka rubuta ADA, abin da aka sani shi ne keken guragu da sanda. A Disamban 2001 wani maƙerin na'urori mai suna Dean Kamen ya fito da Segway, mai taya biyu gefe da gefe, ana tsayawa a kanta tana daidaita kanta da kanta. Fasahar ta samo asali ne daga wani keken guragu mai hawa matakala da ya ƙera, iBOT, amma ita Segway ba a sayar da ita a matsayin kayan masu nakasa ba. Duk da haka masu ciwon jijiyoyi suka rungume ta, haka tsofaffin sojojin da suka rasa ƙafa a Iraki da Afganistan, haka waɗanda tashi daga zaune ke ba wuya. Manyan kantuna da wuraren wasa suka shiga mayar da su daga ƙofa, ƙorafi ya yi yawa. Daga ƙarshe Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta fitar da sababbin ƙa'idoji a Satumban 2010, suka fara aiki ranar 15 ga Maris, 2011. An daina ƙera Segway ta asali a 2020, amma ƙa'idar da ta haifar tana nan, kuma ita ce ta shafi sikutan Baba.

Ƙa'idar ta raba na'urori gida biyu. A gida na farko akwai keken guragu, na hannu ko mai batir, da sanda, da sandar hammata, da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, da makamantansu da aka ƙera domin masu lalurar tafiya. Waɗannan babu ja-in-ja a kansu: duk inda mai tafiya da ƙafa zai taka, su ma za su shiga, kuma ba a neman wata shaida daga mai su. Ki lura, abin da ake dubawa shi ne domin wa aka ƙera abin, ba kamanninsa ba. Sikutan nan mai taya uku ko huɗu, mai kwando a gaba, da dattawa ke hawa a manyan kantuna, a idon doka keken guragu ne.

Gida na biyu ya ƙunshi duk wata na'ura mai batir ko mai fetur ko wani inji, ko domin masu nakasa aka yi ta ko ba domin su ba, muddin mai lalurar tafiya yana amfani da ita wajen zirga-zirga. Ƙa'idar da kanta ta ba da misali da motar filin golf da Segway. A takardun gwamnati ana taƙaita sunan wannan gida da OPDMD. Ki haddace waɗannan haruffa biyar, domin duk manajan da ya san aikinsa zai gyara zama idan ya ji su daga bakinki. Sashen da ya yi maganarsu a kundin ƙa'idojin tarayya mai lamba 28 shi ne 35.137 ga wuraren gwamnati, 36.311 ga masu zaman kansu, kuma lafazinsu kusan ɗaya ne. Sikutan Baba a nan ya faɗo, kujerar da aka ɗaura masa ba ta fitar da shi daga nan ba.

Hukuncin wannan gida shi ne wajibi ne wurin ya sassauta ƙa'idojinsa ya bar mai nakasa ya shiga da na'urarsa, sai dai idan ya iya nuna cewa irin wannan na'ura ba za ta tuƙu ba a ƙarƙashin sharuɗɗan kariya na gaskiya da ya riga ya kafa. Dokar ta kuma ce sharuɗɗan kariya dole su dogara kan haɗari na zahiri, ba zato ba, ba kuma hukuncin kan mai uwa da wabi a kan masu nakasa ba. Allon da aka kafa a ƙofa mai cewa ba a shiga da keke ko sikuta, an yi shi ne domin yaran da za su mayar da wurin filin tsere, kuma daidai ne a kansu. A kan Baba bai yanke komai ba.

To, da me za su auna? Ƙa'idar ta ba su ma'auni biyar, kuma ya fi kyau mu ɗora su kan gidan namun dajin nan kai tsaye.

Za su fara da na'urar kanta: irinta, girmanta, nauyinta, gudunta. Wajen girma da nauyi Baba ne da nasara, domin sikuta irin wannan ya fi keken guragu mai batir siranta, kuma keken mai batir sau da yawa yakan haura kilo 100 tun kafin mai shi ya hau, amma ba a hana shi shiga. Wajen gudu ne gizo ke saƙar. Mutum yana tafiya kamar kilomita 5 a awa, yawancin sikutocin titi kuwa suna kai kilomita 25. Sai dai iya gudu daban, yin gudun daban. Tunda ana iya gindaya sharaɗin cewa kada ya wuce takun masu tafiya, kuma yawancin waɗannan na'urori suna da maɓallin da ke ƙayyade musu gudu, gudun shi kaɗai bai isa dalilin hanawa ba.

Sai yawan jama'a, kuma ƙa'idar ta yarda cewa wannan yana canzawa da lokacin yini da ranakun mako da watanni. Safiyar Talata lokacin da yara ke makaranta ba ɗaya take da yammacin Asabar na hutun bazara ba. Wannan ma'aunin takobi ne mai kaifi biyu: yana ba su damar taƙaitawa a ranar cunkoso, yana kuma rushe haramcin da ya game kowace rana. Sannan tsarin wurin: a fili yake ko a cikin gini, faɗin hanyoyinsa, yadda aka jera kaya, da ko akwai inda za a ajiye na'urar idan mai ita ya nema. Ki tuno da gidan namun dajin da kuka je. Manyan hanyoyinsa masu kwalta ne, masu faɗi, iyaye na tura keken jarirai mai ɗaukar tagwaye, ma'aikata na wucewa da ƙananan motocinsu na kwasar shara da kai wa dabbobi abinci. Idan motar ma'aikata na bin hanya a cikin jama'a, da wuya a ce sikuta mai tafiyar hawainiya ba zai bi ta ba. Amma ɗakin macizai da kifaye fa? Duhu, lungu, gilashi hagu da dama, yara sun manna hancinsu a jikinsa ba sa kallon baya. A nan suna da magana. Na huɗu shi ne ko za a iya kafa sharuɗɗan da za su sa tuƙin ya zama lafiya, wato dai sai sun gwada neman hanya kafin su ce babu. Na ƙarshe, ko na'urar za ta yi mummunar illa ga muhalli ko kayan tarihi. An fi yin wannan domin masu fetur da hayaƙi da ƙara, da masu manyan tayoyi da ke farfasa ƙasa. Sikuta mai batir a kan kwalta ba ya firgita raƙumin dawa.

Zan gaya miki inda hujjarku take da rauni, domin gara ki ji daga gare ni kafin ki ji daga lauyansu. Sikuta mai taya biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, gudu ne ke tsayar da shi. Idan aka rage gudun zuwa takun mutum yakan yi tangaɗi, mai shi ya riƙa karkata kai hagu da dama yana kai ƙafa ƙasa. Segway tana tsayawa cak da kanta, mai taya uku ma haka, wannan kuwa a'a. Manaja mai wayo zai kama nan, ya ce abin da ba ya tsayuwa a hankali ba zai tuƙu a cikin yara ba. Amsarku ita ce kujerar ta yi ƙasa har ƙafafun Baba biyu na taɓa ƙasa a zaune, kuma ya saba tafiya da shi a hankali. Idan haka ne, ku nuna musu da ido. Idan kuwa ba haka ba ne, to ku ma ku duba lamarin da kyau, domin faɗuwar dattijo mai ciwon zuciya a kan kwalta ta fi korar maigadi ciwo.

Abin da na fi gani a irin wannan, idan an zauna an yi magana, shi ne a ƙare a tsakiya: a yarda ya shiga, ya yi tafiya da takun jama'a, ya ba masu ƙafa hanya, ya ajiye sikutan a ƙofar ƙananan ɗakunan kallo, kada ya yi caji a cikin wurin. Duk waɗannan sharuɗɗa ne halastattu, kuma wanda ya karya su ana iya dakatar da shi ko da yana da nakasa.

Yanzu maganar keken aro. Mutane kan ɗauka tunda an ba shi wani abin hawa, ai an fita haƙƙinsa. Ba haka ba ne. Ƙa'idojin ADA sun ce ba a tilasta wa mai nakasa ya karɓi wani sauƙi ko taimako da bai zaɓa ba. Kuma ki duba abin da aka miƙa masa: keken hannu, wanda mai ciwon zuciya ba zai iya murzawa da kansa ba, sai wani ya tura. Da sikutansa shi ke zaɓar inda zai tsaya, shi ke bin jikansa zuwa wajen birai, shi ke juyawa ya nufi banɗaki ba tare da ya roƙi kowa ba. A keken aro ya koma kaya a hannun 'yarsa. Kamar a ce wa mai tabarau ya ajiye nasa a ƙofa ya karɓi na aro ne.

An taɓa kai wannan magana gaban alƙalai. Wata mata mai ciwon da ke cinye tsokar jiki, wadda tashi daga zaune ke mata wuya, ta so kai 'yarta Disneyland, wurin wasa na kamfanin Disney, a kan Segway, kamfanin ya ƙi, yana cewa ai za ta iya hawa keken guragu, don haka Segway ba larura ba ce. A 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta shiyya ta tara ta yi watsi da wannan fahimta. Alƙali Alex Kozinski ya ce idan haka ake fassara larura, to kusan babu abin da dokar za ta wajabta, tunda wanda ƙafafunsa suka shanye ma yana iya jan jiki ya hau matakalar kotu. Abin da ake nema shi ne mai nakasa ya mori wurin kusan yadda kowa ke morarsa. Sai dai kada ki ɗauki rabin labarin ki bar rabi. Kotun ba ta ce dole a bar Segway ta shiga ba, ta ce ne kamfanin ya kawo hujjar haɗari ta gaskiya. A wata ƙarar kuma, a shekarar dai, kotun shiyya ta goma sha ɗaya ta amince da sulhun da ya bar Disney da haramcinsa, bisa sharaɗin ya samar da wata na'ura mai taya huɗu da ake tsayawa a kanta. Wurin da ya yi nazari da gaske, ya kawo shaida kan cunkosonsa, yana iya cin nasara. Wanda ya dogara da allo da ra'ayin maigadi ne ba ya ci.

Kotun Ƙolin Amurka ma ta taɓa wannan gefe tun a 2001, a shari'ar ɗan wasan golf Casey Martin, wanda lalurar jijiyoyin jini a ƙafarsa ta dama ta hana shi zagaya filin da ƙafa. Hukumar gasar PGA Tour ta ce tafiya da ƙafa ɓangare ne na gasar. Alƙalai 7 cikin 9 suka ce a bar shi ya hau motar filin. Shi ma yana iya tsayawa, yana iya takawa, yana ma buga ƙwallo a matakin ƙwararru.

Wannan ya kawo mu ga tambayar maigadi. Game da na'urorin gida na biyu, ma'aikaci yana da damar neman abu ɗaya tak: tabbaci mai gamsarwa cewa saboda lalura ake amfani da na'urar. Katin nan na ajiye mota a gurbin masu nakasa, wanda jiha ke bayarwa ana rataye shi a madubin mota, ya wadatar, dole su karɓa muddin na Baba ne kuma wa'adinsa bai ƙare ba. Duk wata shaidar nakasa da jiha ta bayar ita ma haka. Idan babu ko ɗaya, maganar baki ta isa. Baba ya ce, "Ina amfani da shi ne saboda lalurar tafiya," shi ke nan, sai dai idan abin da ido ke gani ya ƙaryata shi. Ma'aikatar Shari'a ta yi bayanin wannan da kanta: wanda aka gani yana gudu yana tsalle, wannan na iya ƙaryata maganarsa, amma iya 'yar gajeriyar tafiya ba ta ƙaryata ta. Sunan ciwo, takardar likita, tsananin lalurar, babu wanda suke da ikon tambaya. Idan Baba ba shi da katin ajiye motar, ku nema masa. Likitansa zai cike takarda, hukumar motoci ta jiha ta bayar, kuma a yawancin jihohi ciwon zuciya ko na huhu mai tsanani na cikin dalilan da ake karɓa. Doka ba ta wajabta shi ba, amma yana kashe gardama kafin ta tashi, ya kuma hutar da dattijo daga bayyana sirrinsa a gaban layin mutane.

Ni dai ban cika ɗora wa masu gadi laifi ba. Galibi an ba su doka mai layi ɗaya, an ce duk wanda ya karya ta a bakin aikinsa, ba a koya musu keɓancewar ba. Laifin na waɗanda ba su rubuta tsari ba ne. Shi ya sa gardama a ƙofa ba ta cika amfani ba, gara a nemi manajan da ke bakin aiki.

Abin da za ku yi yanzu: ki rubuta musu wasiƙa ta imel, kada ki tsaya a waya. Idan wurin na birni ne, duk hukumar gwamnati mai ma'aikata 50 ko fiye dole ta kasance tana da jami'in da ke kula da ADA da kuma hanyar karɓar ƙorafi, shi za ki nema. Ki faɗi ranar da abin ya faru da abin da aka ce muku, ba zagi ba ƙari. Ki bayyana na'urar: tsawonta, faɗinta, nauyinta, mafi ƙarancin gudun da ake iya ƙayyade mata, ki haɗa da hoto. Idan sikutan na da hatimin UL 2272, wato gwajin lafiyar kayan lantarkinsa da batirinsa, ki ambata, domin tsoron gobarar batir ya zama dalilin da ake yawan kawowa a 'yan shekarun nan, kuma ba tsoron banza ba ne. Ki nemi su turo miki rubutaccen tsarinsu kan OPDMD da nazarin da suka yi a kan ma'aunan nan biyar. Sannan ki miƙa musu sharuɗɗan da Baba ya yarda da su tun kafin su nema. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa, domin da zarar takardar ta isa teburin wanda ya san dokar, zai gane ba su da abin nunawa. Idan sun amince, ki buga amsar a takarda Baba ya riƙa tafiya da ita, domin maigadin gobe ba lallai ya san abin da ofis ya yanke ba.

Idan suka ƙi ko suka yi shiru, kina iya kai ƙorafi Sashen Kare Haƙƙin Jama'a na Ma'aikatar Shari'a, ta intanet, kyauta. Ga wurin gwamnati wa'adin kwana 180 ne daga ranar da abin ya faru, kada ki bari ya wuce kina jiran amsa. Ma'aikatar na da shirin sulhu da take tura wasu ƙorafe-ƙorafe, ba ta kuma binciken kowanne. Akwai kuma kotu, amma ki san abin da ke cikinta: a ƙarƙashin babi na uku ba a ba mai ƙara diyyar kuɗi, umarnin gyara kawai ake samu da kuɗin lauya. Wasu jihohi sun fi tarayya tsauri. A Kalifoniya, dokar Unruh ta ɗauki karya ADA a matsayin karya ta, da diyyar aƙalla dala 4,000. Kowace jiha kuma tana da hukumar kare haƙƙin masu nakasa da gwamnatin tarayya ke ɗaukar nauyinta, suna ba da shawarar shari'a kyauta.

Tunda Baba ba gidan namun daji kaɗai zai je ba, ga inda wannan ƙa'ida ba ta kai ba. Wuraren ibada da kulob-kulob na 'yan ƙungiya zalla an keɓe su daga babi na uku. Gine-gine da gandun dajin gwamnatin tarayya ba ADA ke tafiyar da su ba, sashe na 504 na wata dokar masu nakasa ta 1973 ne, kuma kowace hukuma da tsarinta. A dazuzzukan da aka killace ƙarƙashin dokar 1964, inda aka hana duk wani abin hawa mai inji ko mai taya, keken guragu kaɗai aka yarda da shi, wanda aka ƙera domin mai nakasa zalla kuma ya dace da cikin gini, sikutan Baba ba zai shiga ba. Bas da jirgin ƙasa suna ƙarƙashin Ma'aikatar Sufuri, wadda keken guragu a wurinta sai mai taya uku ko fiye, don haka ku tambayi kamfanin kafin ku fita. Jirgin sama kuwa dokarsa daban ce, ta 1986, kuma a can batir ne abin dubawa: na keken guragu da ake cirewa bai kamata ya wuce wat-awa 300 ba, wato ma'aunin wutar da batir ke ɗauka, sannan kamfanoni da yawa ba sa ɗaukar ƙananan ababen hawa masu batir da aka yi domin nishaɗi.

Idan kuma tafiya ta kai shi wata ƙasa, kada ku ɗauka haka abin yake ko'ina. A Ingila, sikutan titi na ƙashin kai haramun ne a kan hanya da gefen hanya, abin da aka yarda da shi shi ne na masu nakasa, mai gudun mil 4 a awa a gefen titi, mil 8 a kan titi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, ta 2006, ta ce a sashenta na 20 a sauƙaƙa wa mutum zirga-zirga ta hanyar da ya zaɓa kuma a lokacin da ya zaɓa, amma kowace ƙasa da yadda ta zuba wannan a dokarta. Amurka ta sa hannu a 2009, Majalisar Dattawa ba ta tabbatar ba, ƙuri'ar Disamban 2012 ta tsaya a 61 da 38, ba ta kai kashi biyu cikin uku da ake buƙata ba. Don haka a wasiƙarki kada ki kafa hujja da ita, ADA ta ishe ki.

Shawarata ta ƙashin kai, bayan duk wannan: ku nemi haƙƙin Baba a kan sikutan da yake da shi, domin haƙƙinsa ne, kuma wanda zai zo bayansa zai amfana. Amma idan hali ya yi, ku duba irin mai taya uku ko huɗu da ake naɗewa, wanda aka ƙera domin masu lalurar tafiya. Akwai marasa nauyi yanzu da ke shiga bayan ƙaramar mota. Yana tsayawa cak ko ba a motsi, yana juyawa a lungu, kuma yana gida na farko, inda babu ma'auni biyar, babu neman tabbaci, a bas da jirgin sama ma ana karɓarsa a matsayin keken guragu. Ku yi wa likitansa maganar, sai dai ku sani Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati ga dattawa, ba ta cika biyan kuɗin irin wannan ba sai an nuna yana buƙatarsa a cikin gida, ba don fita waje kawai ba. Ku kai Baba shagon da ake sayar da su ya hau ya gwada da kansa kafin a yanke shawara, kuma shi za a bar wa zaɓin.